Bindigar da Na Ce Ba Na So

Kwanan baya ana gyaran babbar hanyar Port Richmond, sai bas ɗinmu ta karkata ta bi ta wani layi da na daɗe ina kauce wa. Da farko ban gane gidan ba. An yi masa farin fenti, an sare bishiyar da ke ƙofa, an cire katakon da nake gangaro da keken guragu na maigidan a kai. Ƙaramar tagar ɗakin ƙasa, wadda a da take da ƙarafa da baƙin labule, yanzu a buɗe take, har na hango kekunan yara da injin wanki a ciki. Wata mata tana share ganye a bakin ƙofa. Ba ta san ni ba, kuma ba ta da dalilin sanina. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a kan benci, sai na ga ashe ba wannan gidan kaɗai nake tunawa ba, har da wani mai rufin kwano a Zangon Kumasi, wanda shi ma aka ce mini an rushe an jera shaguna a wurin.

A wancan gidan na Zango ba agogo ke tashin mu ba. Da farko muryar ladan, sai ƙarar bokitai a bakin famfo inda mata ke faɗa da Hausa suna shiryawa da Tonanci, yaren mutanen Kumasi, sai mai koko da ƙosai ta fara kira, sai turmin mahaifiyarmu Mma. Idan ruwan sama ya sauka a kan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai, sai dai ka dubi bakinsa. Aikina kullum shi ne ɗebo ruwa, da yayyafa wa huhunan goro ruwa a zauren maƙwabcinmu, da goge takalman Baba. Takalman nan sun girme ni. Da su ya dawo daga yaƙin Turawa, can ƙasar Bama, da su da wani tari da bai rabu da shi ba har kabari, da lambobin yabo a cikin gwangwanin taba waɗanda nake gogewa da toka da lemun tsami idan salla ta matso. Asalinsa mutumin ƙasar Katsina ne, ya biyo fataken goro yana saurayi, ya shiga soja domin ya ji ana ba da abinci da kaki. Bayan yaƙi aka karɓi bindigarsa a bakin jirgin ruwa, aka miƙa masa takardar sallama, ya ƙare a gadin sito da kulki a hannu.

Wannan karɓewar ce bai taɓa yafewa ba. Ba na jin yana ƙorafi a kan alkawuran da ba a cika musu ba, amma idan ya tuno bindigar sai ya girgiza kai ya ce, "Ko sallama ba su bari mun yi ba." Da safe idan ya dawo daga gadi, kafin ya kwanta, sai ya jira Mma ta ɗan huta da daka ya ɗauke taɓaryar, ya tsaya a tsakar gida ya haɗa dugadugansa. Ya ɗora ta a kafaɗa, ya sauke, ya miƙa ta gaba, yana ba kansa umarni da wani irin Turanci da babu Baturen da zai gane. Sannan ya kwantar da ita a hannun hagu, ya kama iska da hannun dama kamar mai zare sakata, ya yi ƙarar da bakinsa: kararas, kas. Mma takan tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Kofur, idan an gama yaƙin a ba ni taɓaryata, yara ba su ci ba." Shi kuma ya ce, "Ke dai ba ki san wadda ta dawo miki da miji ba."

Labarin bindigar nan yake ba mu kamar mai tuna budurwarsa ta fari. Ya ce itace ya rufe ta har kusa da baki. Ya ce a gindinta akwai wata ƙaramar ƙofa ta tagulla, idan ka buɗe da farce za ka tarar da kwalbar mai da igiyar goge ciki. Ya ce ita ake fara shafa wa mai kafin mutum ya wanke fuskarsa, kuma idan ruwa ya kama ku a daji ita za ka rufe da bargo kai ka jiƙe. Mu yaran layi ba mu ɗauki ko ɗaya ba. Bindiga mai ƙofa a gindi! Muka ce irin ƙarin gishirin tsofaffin soja ne. Idan ya fito za shi masallaci sai yara su jeru a bayansa suna "lef, rai, lef, rai," ni ma ina can ƙarshen layi inda nake zaton ba zai hango ni ba. Bai taɓa waiwayowa ba. Sai dai ya ƙara miƙe baya.

Abu ɗaya ya koya mini da ya zauna daram a jikina, shi ma ba a kan bindiga ba ne. Wata rana abokinsa na soja ya zo daga Tamale, wani dogo mai hannu ɗaya. Suna zaune a zaure na kawo musu ruwa, sai baƙon ya ciro usur na ƙarfe daga aljihu, irin na fareti, ya ce, "Ungo, ɗana." Kafin ya rufe baki na cafke. Baba ya bari sai da baƙo ya tashi alwala, sannan ya kama kunnena ya ɗaga har na tsaya a kan yatsun ƙafa. Ya ce, "A gidan wa aka haife ka? Ɗan mutunci idan an miƙo masa abu cewa yake a bar shi. A sake miƙowa, ya sake cewa a bar shi. Idan mai abu da gaske yake zai matsa, zai rantse, zai tura maka a aljihu. Sannan ka karɓa da hannu biyu kamar an fi ƙarfinka." Ya sa na mayar. Baƙon ya yi dariya domin ya gane abin da ya faru, ya miƙo na ƙi, ya rantse da Allah, na dubi Baba, Baba ya ɗaga gira, na karɓa. A haka muka tashi dukanmu. Ko yunwa na cin ka aka ce maka bismilla, alhamdulillahi za ka ce, kuma mai abincin ya san ba ƙoshi kake nufi ba, zai jawo hannunka cikin kwano. Abin yana tafiya ne domin kowa ya san nasa rabon a ciki.

Baba ya rasu ina yaron mota a hanyar Ankara, babban birnin ƙasarmu, sai da aka yi sadakar uku labari ya same ni. Gwangwanin lambobin ban san wanda ya ɗauka ba. Takalman kuwa an ce an zubar. Ni dai na ci gaba da yawona, wannan gari da wancan, har na sauka a New York da furfura ta riga ta fara. Na tuƙa tasi har bayana ya ce ya gaji, sannan na koma aikin da yawancin mutanenmu ke yi, kula da tsofaffi a gidajensu. A nan ne ofishinmu ya tura ni gidan nan na Port Richmond, a wani tsibiri na birnin, wurin wani dattijo Bature wanda ya yi rayuwarsa yana gyaran injin jirgin fito. Matarsa ta rasu, ciwon suga ya kashe masa ƙafafu, ’yarsa ɗaya tana koyarwa a makarantar ƙananan yara a tsallaken ruwa. Bakinsa da kaifi. Shayina ya ce ruwan wanki ne, tuƙin kekena ya ce na ɗan tasi ne. Papa nake ce masa. Idan na shimfiɗa darduma a falo sai ya rage ƙarar talabijin, ya yi kamar bacci ne ya ɗauke shi.

A shekarar da guguwar teku ta shigo tsibirin nan ta cinye gidajen bakin ruwa, mu muna kan tudu, abin bai kai mu ba sai ɗaukewar wuta. Washegari da hantsi ya ciro mabuɗi daga wuyansa ya ce in sauka ɗakin ƙasa in duba ko ruwa ya shiga. Ban taɓa sauka ba. Na buɗe ƙofa, ƙamshin mai da tsohon itace ya tare ni, na haska tocila sai ga su a jere a bayan ƙarafa, dogaye da gajeru, kamar sahun masallaci.  Na hau bene da gudun da ban san ina da sauransa ba.

Na ce, "Papa, so kake a kama ni? Baƙar fata, Musulmi, a cikin ɗaki cike da bindigogi?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Kowace ɗaya a cikinsu tana da takardu, sun ma fi naka kyau. Ruwa ya shiga ko bai shiga ba?"

Ruwa bai shiga ba, amma danshi ya kama bango, don haka ya ce in riƙa hauro da su ɗaya bayan ɗaya ya duba tsatsa a kan teburin kicin. A nan ya ba ni labarin yadda ya tara su. Ya ce bayan manyan yaƙe-yaƙen nan gwamnatoci sun rasa yadda za su yi da tulin bindigogin da suka rage, sai suka riƙa sayar wa ’yan kasuwa, har ya zama yana saurayi ana cusa su a ganga a shagon kayan gini kamar tsintsiya, ka zaɓi wadda ta yi maka. Bai taɓa harbin ko tsuntsu ba. Karanta su yake yi. Zai sa gilashi ya nuna mini wani ɗan hatimi da bai kai ƙwayar gero ba, ya ce wannan masana’antar da ta ƙera ta ne, wannan kuma ƙasar da ta ƙwace ta a fagen fama ta buga nata a kan na farko. Da na ga wani mummunan tabo a ƙotar ɗaya na ɗauko takardar kankare itace zan gyara masa, sai ya daka mini tsawa. "Ajiye! Wani ne ya faɗi da ita a kan dutse, ko ya tare sara da ita. Idan ka kankare wannan ka mai da ita sanda."

Wajen la’asar na hauro da wata mai nauyi wadda itace ya rufe har kusa da baki. Ya karɓa, ya kwantar da ita a hannun hagu, ya kama sakatar da hannun dama ya zare ya mayar. Kararas, kas. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ƙarar nan ko kaɗan ba ta bambanta da wadda ke fita daga bakin Baba ba. Na ce ya juyo mini gindinta. Ga ƙofar tagulla. Na sa farce na buɗe, babu kwalba babu igiya, sai ƙamshin tsohon mai. A jikin ƙotar akwai wani ɗan faifan tagulla mai haruffa, ya ce haruffan nan suna nuna an ba da ita ga rundunar baƙaƙen sojan Afirka ta Yamma. Ya ce, "Ba zan iya gaya maka hannun wa ta shiga ba. Wataƙila hannuwa da yawa."

Na ba shi labarin Baba. Ya saurara har na gama, sannan ya hau tambaya kamar mai ƙishi. Me suke ci a dajin? Da takalmi suka tafi ko a can aka ba su? Wane jirgi ya kai su? Su wa suka dawo, su wa aka bari a can? Idan sun rasa ɗan uwa wa yake yi masa salla? Kusan babu wadda na iya amsawa. Shi bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin mutanen ba amma ya san shekarar da aka ƙera abin da suka riƙe. Ni kuwa na kwana ɗaki ɗaya da mutumin, na goge masa takalmi tun ban kai tsawon taɓarya ba, amma abin da na riƙe kawai lef da rai.

Daga nan ta zama abokiyar hirarmu. Idan na gama yi masa wanka ya sha magani sai ya ce, "Ɗan Kofur, hauro da ita." Na nuna masa yadda Baba ke yi, na haɗa dugadugai a kan ledar kicin, ya yi ta dariya yana gyara mini riƙo. Nauyinta a kafaɗa ya sa na gane dalilin da kafaɗar Baba ta hagu ta ɗan sauka. Sai wata rana, sanyi ya fara janyewa, muna zaune tana kan tebur, ya dafa ta ya ce, "Saurara. Ni na kusa tafiya, kuma ’yata ba ta ƙaunar ganin su. Sauran ban damu ba, amma wannan ba tawa ba ce. Ka nemi lasisi, ni zan tsaya maka, lauyana zai yi komai. Ka ɗauke ta."

 A duk shekarun da na yi a ƙasar nan babu abin da na taɓa so kamar abin da ke kan teburin nan. Amma bakina ya riga ni. Na sunkuyar da kai na ce, "A’a, Papa, ka bar ta. Na gode. Ta fi dacewa a wurinka."

Ya dube ni ta saman gilashi. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata."

Na zauna ina jira ya matsa, ya ce kada in yi masa musu, ya turo ta gabana. Har na shirya hannuwana biyu a ƙarƙashin tebur. Sai ya janye hannunsa ya ce, "To, shi ke nan. Mayar da ita ka kulle." Ya ce in kunna masa talabijin.

Ba wai ban san halin mutanen nan ba. Na san idan sun yi maka tayin kofi ka ce a’a, to kofi ya wuce. A ƙananan abubuwa na daɗe da koyon cewa i. Amma da abin ya zama babba sai jikina ya koma zauren nan na Zango ba tare da ya shawarce ni ba. Na jira washegari. Na jira wani mako. Bai sake tada maganar ba, bai ma sake cewa in hauro da ita ba. Har na fara gaya wa kaina ashe dama ba da gaske yake ba, gara da ban zubar da mutuncina ba.

Akwai wani abokina mutumin Nijar mai shago a Tompkinsville, kusa da gidanmu, wanda nake tsayawa wurinsa in sha shayi idan na taso. Da na ba shi labari ya ajiye buta ya riƙe baki. Ya ce, "Ɗan Zango, mi kake hwaɗi haka? Annasara kake yi ma kara? Bon, gobe tun da sahe ka tai ka ce mishi kana so. Wanga ba roƙo ba ne, shi ya ba ka."

Na ce, "Da girmana in koma in ce abin da na ƙi jiya yau ina so?"

Ya ce, "To zamna da girman naka, shi ka rataya a bango."

Na yi ta ɗaga abin, yau in ce ba shi da walwala, gobe in ce ’yarsa na nan. Ana haka wata safiya na buɗe ƙofa na tarar bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye. A asibiti idonsa a buɗe yake amma magana ta tafi. Da ɗakin ya zama daga ni sai shi na duƙa wajen kunnensa na ce, "Papa, ina so. Tun ranar ina so." Ya dube ni. Har yau ban san ko ya ji ba, ko silin yake kallo ta cikina.

Bayan an binne shi ’yar ta kira ni in taya ta kwashe kaya. Muna kicin tana naɗe kofuna a jarida ta ce, "Ka san ya damu ƙwarai a kanka? Ya buga mini waya ya ce ya yi wauta. Ya ce ya yi maka tayin bindigar yaƙin mahaifinka ka ƙi, yana ganin ya fama maka ciwo, ko kuma addininku ya hana. Shi ya sa ya daina fito da ita. Ya ce ba ya so ya sake ɓata maka rai."

Na dafa bango. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinmu a’ar farko ba a’a ba ce, amma Turancina bai kai ba, kuma ko da ya kai na ga abin ba zai shiga ba. Ta dai gane ina so. Ta ce ta riga ta miƙa su duka ga ’yan sanda kamar yadda doka ta ce idan mai lasisi ya mutu, kuma ba za ta sayar wa kowa ba ko da nawa ne, ta ce a narka su. Ta ce, "A makarantarmu ina koya wa yara ƙanana yadda za su ɓuya a cikin kabad su yi shiru idan mai bindiga ya shigo. Ba zan saki ko ɗaya ta koma hannun mutane ba." Sannan ta ce amma wannan ɗayar, tun da mahaifinta ya so, za ta ce a jinkirta. Idan na samo lasisi kafin wa’adin ajiyar ya ƙare, tawa ce.

Sai na tashi da ƙarfina, yanzu da ba shi da amfani. Ashe a garin nan kafin a ba ka izinin ajiye bindiga sai duk babban da kuke gida ɗaya ya sa hannu cewa ya yarda, kuma sai an sami masu shaidar halinka. Na kai wa maiɗakina maganar tana tsinkar alayyafo. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, a gidan nan?"

Na ce, "Ba ta harbi, Hajiya. Ko harsashi babu. Tarihi ce."

Ta ce, "Idan an ƙwanƙwasa ƙofa aka tarar da ɗanka a falo da ita a bango, tarihin za su tsaya karantawa? Ka manta kyandir da kwalaben da aka jera a kwanar layin nan? Ɗan wa aka kashe? Ni na yi wa uwarsa zaman makoki. Ka nemi duk abin da kake so a wurina, ban da wannan."

Na ce, "Ta Baba ce."

Ta ce, "Kai da bakinka ka ce ba a san ta wa ba ce. Allah ya ji ƙan Baba. Ni mai rai nake tsaro."

Babu ƙarya a maganarta. A Zango bindiga abu ce da tsoho ke tunawa da taɓarya yara suna dariya. A nan kuwa abu ce da ke sa uwa ta tsaya a taga idan ɗanta ya makara. Ɗan namu, wanda ke tuƙa motar kai kaya, ya ji mu daga ɗaki ya fito, ya saurare ni da Hausa ya amsa da Turanci cewa in yi haƙuri zai nemo mini hoton irinta a waya.

Na gwada ta ɓangaren masu shaida ko zan sami abin da zan koma mata da shi. Bayan sallar Juma’a na tari dattawan masallacinmu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin kuwa kowa a tsorace yake, ana ta raɗe-raɗin ana sa ido a kan masallatai, mutum ko sunan bindiga ba ya so ya ambata a waya. Babu wanda ya ce mini a’a. Wannan ya ce in sha Allah zai duba, wancan ya ce in bari ya dawo daga tafiya. Na san ma’anar wannan in sha Allahun, ni ma na sha yin irinsa. Abokina na Nijar kaɗai ya ce zai sa hannu, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka san takarduna ba su gama zamnawa ba." Na ce ya bari, wannan karon kuma da gaske nake, shi ma bai matsa ba.

Haka wa’adin ya yi ta matsowa ina kallo, kamar mai kallon ruwa yana cin gonar da ke tsallaken kogi. Ran nan ’yar ta bugo ta ce ta yi iya jira, an ce mata ba za a ƙara ba. Ta ba ni haƙuri, ni ma na ba ta. Duk da haka na sa riga na tafi ofishin da aka ajiye su, ko za a bari in gan ta sau ɗaya. Wata ’yar sanda matashiya a bayan gilashi ta saurare ni da ladabi har na gama, ta duba na’ura ta ce an riga an tafi da su wurin narkarwa tare da wasu da yawa. Na ce, idan an narka me ake yi da ƙarfen? Ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ta da tabbas, amma ta ji ana cewa rodin gini, wani lokaci kuma murfin ramukan lambatu na kan titi.

Ban san ko gaskiya ne ba, kuma babu wanda zan tambaya. Amma tun daga ranar ƙafata ba ta yarda ta taka murfin nan na ƙarfe. Suna da yawa a garin nan, ban taɓa lura da yawansu ba sai yanzu. Ranar Asabar idan zan raka jikata Islamiyya sai ta ga ina ratsewa ina kewaye su, ta tambaye ni da Turanci me ya sa, in ce mata santsi gare su, gwiwata ba ta da ƙarfi. Ita kuwa da gangan take sakin hannuna ta yi tsalle ta dira a kai da ƙafa biyu, don tana son ƙarar da yake yi. Ba na hana ta.